Ku Ba Maman Bitrus Kabari Kafin Ku Haska Hotonta

Zuwa ga Mai Girma Rabaran, babban limamin cocinmu na bayan Fordham Road, da dattawan ikilisiya, da kuma 'yan Kwamitin Adalcin Launin Fata masu zama kowace Talata.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da madam da yara, har da karen nan naka da muke gani yana gilmawa ta bayanka in ana taron bidiyo. Mu ma muna nan, sai godiya, sai ciwon gwiwa.

Sunana Laraba. Kai Lara kake ce mini, ban kuma taɓa gyara maka ba, don a wurinmu ba a gyara wa limami magana a bakin ƙofar coci. Ni ce uwar zumuntar mata ta sujadar Hausa, wadda ake yi a ɗakin ƙasa da ƙarfe biyu, bayan ku na sama kun gama taku ta Turanci, kun sha kofi, kun shiga motocinku. Mu mutanen Kudancin Kaduna ne da Filato da Bauci, yawancinmu kuma tsofaffi muke kula da su a gidajen mutane. Da gangan na rubuta maka da Hausa, ranka ya daɗe. Ka nemi mai fassara, ka jira shi, ka ɗan ɗana yadda abin yake. Zan kuma liƙa kwafi a allon sanarwar da kuka ba mu, wancan na kusa da banɗaki.

Takardar gayyatarku ta iso. Kun ce za a yi Sujadar Makoki da Tuba saboda yadda annobar korona ta fi cin baƙaƙen fata. Kuna so matan zumunta su hau sama cikin zanensu iri ɗaya, da tulunan kiɗa da ganga, su yi abin da kuka kira waƙar Afirka. Za ku kuma haska hoton marigayiya Maman Bitrus a babban allo, a ƙarƙashinsa a rubuta "Mama B". To madalla, hoton ya yi kyau, ni na ɗauka. Amma matar da ke cikin hoton tana kwance a dogon ramin gayya, a tsibirin da birni ke binne waɗanda ba a zo nema ba, lamba ce kawai a kanta. Ikilisiyar nan tana da maƙabarta tata a bayan gari, mai itatuwa da ciyawa da mai yankan ciyawar. Rami ɗaya muke nema a cikinta, sau uku muna rubutawa, sau uku ana hana mu. Dalilin wasiƙar ke nan, ga kuma bayani dalla-dalla.

Na ɗaya, wace ce ita.

Maman Bitrus 'yar wani ƙauye ce a bayan Kafanchan. Ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, ita ce ta tarbe ni da na sauka a garin nan da takalmin roba cikin dusar ƙanƙara. Mace ce mai faɗa, kada wani ya tashi a sujadarku ya mai da ita mala'ika. Ta taɓa ƙwace cokali a hannuna a gaban mutane wai zan kashe talakawa da gishiri. Kowace Asabar ita ke dafa shinkafar da cocin nan ke raba wa mabukata, wadda kuke ɗaukar hotonta kuna sawa a mujallar ikilisiya. Sauran kwanakin mako kuwa tana Manhattan, tana kula da wata tsohuwar Baturiya, mahaifiyar ɗaya daga cikin dattawanku. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa, a benci na biyu yake zama. Shekara bakwai tana yi wa uwarsa wanka, tana juya ta, tana yanke mata farce, tana jure zaginta.

Na biyu, lokacin da ciwon ya shigo.

Ka tuna yadda aka ce kowa ya zauna a gida. Ni ma na ji sanarwar, ina tsaye a tasha ina jiran jirgin ƙasa mai lamba huɗu. Rabaran, da ka shiga jirgin nan a makonnin nan da ba sai an kafa maka kwamiti ba kafin ka gane maganar launin fata. Ka duba dama baƙi, ka duba hagu baƙi da masu jin Sifaniyanci, kowa ya ɗaure hanci da abin da ya samu. Ni da gefen ɗankwalina na yi mako biyu kafin in ga takunkumi na gaske. Mu ne masu goge ɗuwawun tsofaffi, mu ne masu share asibiti, mu ne masu kai abinci ƙofar waɗanda suka zauna a gida. Sai aka raɗa mana suna mai daɗi, wai ma'aikatan da ba a iya yi sai da su. Da yamma kuma mutane su leƙo ta taga suna buga mana tukwane, wai godiya. Maman Bitrus ta ce mini ita dai da sun bar tukwanen nan sun huta, don gobe ita za ta wanke su.

Dattijon benci na biyu ya kwashe iyalinsa suka tafi gidansu na bakin tafki, ya bar uwarsa a hannunta. Kullum tana shiga jirgi daga Morris Heights ta je ta dawo. Tsohuwar ta kamu, ita ma ta kamu. Wa ya shafa wa wani, Allah kaɗai ya sani, ba kuma shi na zo tuhuma ba. Abin da na sani shi ne ciwo ɗaya ya ɗauke su a wata ɗaya. Ɗaya tana ƙarƙashin itacen maƙabartar coci da dutse mai sunanta da furanni. Wadda ta yi mata wanka tana tsibiri.

Na uku, yadda ta ɓace mana. A nan akwai laifinmu, kuma zan faɗe shi da bakina kafin wani ya faɗa mini.

Ɗaki take haya a gidan Alhaji Sani, direban tasi, mutumin zangon Kumasi. Ana saura mako guda Ista, da rana tsaka, numfashinta ya sarƙe. Hajiyarsa ta kira motar asibiti. Aka ɗauke ta da jakarta, wayarta da fasfonta duk suna ciki, aka hana kowa bin ta. Ba a kuma faɗi asibitin da za a kai ta ba, don a lokacin duk inda aka samu gado nan ake ajiye mutum.

Washegari na fara buga waya asibitoci. Tambayar farko da aka yi mini ita ce sunan marar lafiya. Shekara goma sha ɗaya muna cin tuwo a kwano ɗaya da matar nan, ban san sunanta na takarda ba! A wurinmu ba a kiran babba da sunansa. Mace ta haihu, ta zama Maman wane, shi ke nan an rufe sunan yanka. Ka tambayi wadda ta girme ka sunanta? Ai sai a ce ba ka da tarbiyya. Na bi matan zumunta ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce kamar ta taɓa jin an ce Talatu. Wata ta rantse Saratu ce. Muka yi ta ba ma'aikatan asibiti Talatu Bitrus, Saratu Bitrus, har da Mama Bitrus, su kuwa suna dannawa a kwamfuta suna cewa babu. Lambar ɗanta Bitrus da ke gida tana cikin wayar da ta tafi da ita.

Alhaji Sani, Allah ya saka masa, ya ajiye aikinsa ya yi ta yawo da ni ƙofa-ƙofa, ina riƙe da hotonta ina nuna wa masu gadi daga nesa. A bayan asibitocin ga manyan motocin sanyi a jere, mun san gawarwaki ne a ciki. Ran nan ya juyo ya ce mini, "Anti, ku ba ku da littafi ne a cocinku? Mu a masallaci kowa sunansa na fasfo yana rubuce, da lambar mutanensa na gida." Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Amma maganarsa ce ta tuna mini cewa muna da abin da ya fi littafi.

Kirista daga wajenmu ba ya barin gari hannu sake. Sai ya karɓi takardar shaida daga ikilisiyarsa, mai hatimi da sa hannun fasto, wadda ke cewa wance ɗiyar wane ta yi baftisma, tana cin Jibin Ubangiji, ku karɓe ta. Maman Bitrus ta ƙetare teku da tata a naɗe cikin leda. Ina tsaye a wurin ranar da ta durƙusa ta miƙa maka ita da hannu biyu a ofishinka. Ka ce abin sha'awa ne ƙwarai, ka ba sakatariya ta sa a kabad. Cikakken sunanta yana cikin takardar nan, da sunan ikilisiyarsu ta gida.

Na huɗu, abin da ofishinka ya yi.

Na kira wayar coci, na'ura ta amsa, na bar saƙo. Na sake kira, na sake bari, har na'urar ta ce ta cika. 'Yata Jummai ta rubuta maka imel da Turancin da ba ka da abin gyarawa a ciki. Amsa ta dawo nan take, wai Rabaran yana wajen gari tare da iyalinsa, yana riƙe da mu duka cikin addu'a. Mun gode da riƙon. Na samu sakatariya a wayarta, ta ce mabuɗi yana hannunta amma ba ta da izinin shiga ginin, sai dattawa sun zauna. Na kira dattijon benci na biyu, na ce ko ya san sunan matar da ta yi shekara bakwai a ɗakin uwarsa. Ya ce su dai Mama B suka sani.

Ka ga, mu da ku duka ba mu san sunanta ba. Mu kunya ce ta hana mu tambaya, ku kuwa bai taɓa zuwa muku a rai ba. Ban ce tamu ta fi taku amfani ba, don duka biyun tsibiri suka kai ta.

Na san ciwon gaskiya ne, tsoron ma gaskiya ne. Ni ma na ji shi, har wasiyya na yi wa Jummai a kicin. Da an ce ba wanda ya taka ginin nan sam, da na haɗiye. Amma a makon da nake ta kiran nan aka buɗe cocin, ka shigo da mai kyamara da mai furanni, ka ɗauki wa'azin Ista. Na kalle shi a waya, ka yi magana mai daɗi a kan kabarin da aka tarar ba kowa a ciki. Daga inda ka tsaya zuwa kabad ɗin nan taku nawa ne, Rabaran? Na auna daga baya da ƙafata mai ciwo, taku ashirin da biyu ne.

A ƙarshe ƙanen wata 'yar zumunta ne ya hau babur daga Kafanchan, ga dokar kulle a can ma, ya bi ta hanyar gona ya nemo Bitrus a ƙauye. Da na same shi a waya na ce ya faɗa mini sunan mahaifiyarsa, shi ma sai ya kasa. Magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce bari ya rubuto. Saƙon ya shigo: Rahila Ayuba. Na kira ofishin da ke ajiye gawarwaki. Wata mata ce ta ɗauka, baƙa 'yar'uwarmu, muryarta duk ta dushe don gajiya. Ko minti ɗaya ba ta yi ba ta same ta. Ta ce ta rasu kwana biyu da kai ta asibiti, an ajiye ta har wa'adi ya cika ba wanda ya zo, an binne ta kwana huɗu da suka wuce. Ta ba ni haƙuri, ta karanto mini lambar ramin, na rubuta a bayan takardar magani. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka irin wanda ban yi ba ko da mijina ya rasu.

Da aka buɗe ofis da rani, sakatariya ta jawo kabad a gabana. Takardar tana nan lafiya lau cikin ledarta, a wani fayil da aka rubuta wa "Afirka", tare da tsarin wasan Kirsimeti da hoton wata rijiya.

Na biyar, kwamiti.

Da tituna suka cika da masu zanga-zanga a kan ran baƙar fata, cocinmu ma ya farka. Aka rataya ƙyalle a bakin ƙofa, tsawonsa ya kai zani shida. Aka kafa kwamitinku. Kun karanta littattafai, kun kira masana, kun gayyace ni taron bidiyo in ba da shaida. Na ba da labarin nan kaf. Aka ce an ji ni, an gan ni, an gode da jarumtakata. Dattijon benci na biyu ya yi hawaye har ya cire tabarau. Ni kuwa sakarya na kashe waya ina murna, na ce wa matan zumunta magana ta ƙare.

Doka ta yarda a tono mutum daga tsibirin in danginsa sun nema, kuma akwai maƙabartar da za ta karɓe shi. Bitrus ya sa hannu tuntuni. Ɗawainiyar tonowa da ɗaukowa mu matan zumunta mun ɗauka, ba mu roƙi kowa ba. Abin da ya rage shi ne takarda ɗaya daga ikilisiya mai cewa ga wuri. Karo na farko aka ce maganar ta kwamitin maƙabarta ce. Karo na biyu kwamitin maƙabarta ya ce wurin na cikakkun membobi ne, ita kuwa sunanta ba ya cikin kwamfuta, don ba ta cike fom ɗin intanet ba. Karo na uku aka ce an mayar da batun gare ku domin ku yi nazarin yadda dokar maƙabartar ke shafar baƙaƙe. Kai, jama'a! Ga yadda ta shafe su nan a kwance a tsibiri, nazarin me kuma?

Matar da ko saƙon waya sai an karanta mata, ita za ta cike fom a intanet? Ta kawo muku shaidar da ta sani, da hannu biyu, a durƙushe. Ta ci Jibin Ubangiji a ginin nan shekara da shekaru. In ba memba ba ce, to shinkafar wa kuka yi ta ɗauka a hoto?

Ni ba mai ilimin tauhidi ba ce, aji shida na yi. Amma abin da aka koya mini a ƙarƙashin mangwaro shi ne jiki ɗaya muke, kuma ban ji an ce jikin yana da sama da ɗakin ƙasa ba. An kuma koya mini cewa Ubangijin da muke bi, da ya mutu, ko rami bai mallaka ba. Wani mai hali ne, babba a majalisa, ya je ya roƙi gawar, ya sa ta a kabarin da ya sassaƙa wa kansa. Kafin rana ta faɗi ya gama. Da irinku ne a wurin, da har ya tashi daga matattu ba ku tsai da ranar zama ba. Allah ya gafarta mini in na yi saɓo, amma kai ma ka san gaskiya na faɗa.

Ga roƙona.

Ku bar maganar waƙa tukuna. Tulunanmu ba kayan ado ba ne, da su muke raka 'yar'uwa in ta rasu, kuma wannan ba mu raka ta ba har yau. Ranar da za a sa ta a ƙasa za mu buga su har maƙwabta su kira 'yan sanda, kuna iya zuwa da kyamara.

Kada ku haska hoton nan har sai kun iya rubuta Rahila Ayuba a ƙarƙashinsa. Ku kuma buɗe fayil ɗin "Afirka" ku shigar da sauran takardun da ke ciki, don na hango aƙalla guda tara, masu su kuma suna nan da rai suna tari. Mu ma mun gyara namu. Yanzu zumunta tana da littafi, na bi tsofaffi ɗaya-ɗaya na tambaye su sunansu ido cikin ido, wata har ta ce mini marar kunya, na ce na ji, a rubuta.

Na ƙarshe shi ne babba. Da Jummai ta duba dokokin maƙabartarku, sai ta gano ashe ni cikakkiyar memba ce. Ita ta cike mini fom ɗin tun tana makaranta, ban ma sani ba. Wato ni Laraba ina da haƙƙin rami ɗaya a ƙarƙashin itatuwan nan. To na ba ta. Ba sai an canza doka ba, ba sai an yi nazari ba, ba a taɓa wurin kowa ba. Ku cire sunana ku sa nata, ka sa hannu, Jummai za ta zo karɓa ranar Litinin da safe kafin ta wuce aiki. Na gaya wa 'ya'yana, sun yi fushi, sun huce. Bitrus ne kawai ban gaya wa ba. Duk Lahadi in ya kira yana tambaya ko an samu wuri, sai in ce ana kan magana, shi kuma ya ce a gaida Rabaran, Allah ya saka masa. Na gaji da karɓar maka wannan gaisuwar.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai. Allah ya kiyaye iyalinka daga irin ranar da muka gani. In taka ta zo, Allah ya sa a tsakiyar masu ƙaunarka, a san inda aka kai ka, a samu mai ɗaga waya. Ubangiji ya ba dattawa hikima, ya ba kwamiti ƙafafu. Ban riƙe ka a zuci ba, ko in ce ina ƙoƙari, wasu ranakun ina iyawa.

Salamar Almasihu ta kasance tare da ku, ko kuma yadda Alhaji Sani ke rufe tasa, wassalam.

Ni ce taku a ɗakin ƙasa,
Laraba, Maman Jummai,
uwar zumuntar mata, Morrisania.